Wankin Wata, Wankin Mota

A Riruwai na tashi, a hannun kakata ta wajen uwa, Iya Dije. Mahaifinmu direban babbar mota ne, ba ya zama wuri ɗaya, mahaifiyarmu kuwa ta rasu tun ban yi wayo ba, shi ya sa Iya ta ɗauko mu, ni da yayata Lami, ta riƙe. Gidanta yana can ƙarshen unguwa ta wajen duwatsu, ɗakuna ne na ƙasa da madafi mai rufin ciyawa. Har yau idan kewa ta kama ni ban san dalili ba, in na bi ta a hankali, cikin wannan madafin take kai ni.

Da damina muka fi jin daɗinsa. Ruwan Riruwai ba ya wasa. Idan ya tsuge da la'asar, sanyi yakan sauko daga kan duwatsu ya shiga har cikin ƙashi. Da an idar da sallar isha'i sai Iya ta tura ragowar itacen tuwo cikin murhu, ta jera ɗanyar masara a bakin garwashi, mu kuma mu matso, kowa ya cusa gwiwoyinsa cikin riga. Yaran maƙwabta ma suna zuwa, har da 'ya'yan baƙin da haƙar kuza ta kawo garin daga nesa, waɗanda Hausar ba ta gama zama a bakinsu ba. Iya ba ta korar kowa. Ta dai ce wanda ya zo da tsokana, masararsa ce za ta ƙone.

Sana'arta wankin kuza ne a bakin rafi. Takan cika ƙwarya da ƙasar da maza suka haƙo, ta tsoma a ruwa, ta yi ta juyawa har yashi ya bi ruwa ya tafi, baƙar kuzar mai nauyi ta kwanta a gindin ƙwaryar. Ruwan ya cinye mata tafin hannu, duk ya faffashe. Da wannan hannun take ɗaukar masara daga wuta ba ta ko yarfewa, da shi kuma take shafa kaina idan na jingina da ita. Maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika. Ban taɓa jin ta kira ni Sale ba sai ranar da na yi laifi.

Sauran tsofaffi suna da yadda suke buɗe tatsuniya, wanda kowa ya sani. Iya nata daban ne. Sai ta juya masara, ta kalle mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "To, na kwance ta, ta taho. Wa zai tare?"

Mu haɗa baki mu ce, "Mu ne, Iya!"

Cikin duk tatsuniyoyinta, ta mai wankin wata ce ta fi zama a raina, ko da yake a lokacin haushi take ba ni.

Wai a bayan wani dutse akwai ƙauyen da farin wata yake sauka. Kwanakin nan da ba a ganinsa a sama, in ji Iya, ba ɓata yake yi ba, wanka yake zuwa, don hayaƙin girkin matan duniya duk a fuskarsa yake taruwa. A ƙauyen akwai tsohuwa guda mai wanke shi, tana da munduwar tagulla a hannun dama. Idan ta hau dutsen ta ɗaga hannu, watan ya hango munduwar, sai ya sauko da kansa ya kwanta a cinyarta.

Da tsohuwar ta ga ƙarfinta ya fara ƙarewa, sai ta ce a ba ta wanda za ta koya wa. Mutum biyu suka zo. Akwai Tanko, wanda duk ƙasar babu mai wankin tufafi kamarsa. Rigar da ta sha manja, in ta shiga hannunsa sai ta fito kamar yau aka ɗinka. Akwai kuma Kande, yarinyar da ban da tukwanen uwarta ba ta taɓa wanke komai ba.

Tsohuwa ba ta kai su kan dutse ba. Ruwa ta sa su ɗebo, su ajiye ya kwanta, su tace, su sake tacewa, har sai babu ƙwayar yashi ko ɗaya. Da suka iya wannan, ta ba su auduga su cire mata gurya da tsinke-tsinke. Bayan haka ta ba su ƙwan kurciya su wanke. Sannan ta ce sai kowa ya goge fuskar jariri yana barci, bai farka ba.

A nan Iya takan kumbura murya ta zama Tanko: "Haba tsohuwa! Ni za ki mayar yaro? Rigunan da na wanke sun fi gashin kanki yawa!"

Ya yi tafiyarsa. Da lokacin wankan ya zo, ya riga tsohuwar hawa dutsen. Watan ya sauko ƙasa-ƙasa yana neman munduwa, bai gani ba, ya juya zai koma, Tanko ya wurga igiya ya zarge shi ya janyo. Ya sa sabulun salo da soso, ya haɗa da yashi mai laushi irin wanda yake cuɗa wuyan riga da shi, ya dage iya ƙarfinsa.

"Ba mugunta ya yi ba fa," in ji Iya, tana nuna mu da tsinken juya masara. "So yake ya fi kowa kyauta masa."

Watan ya yi ƙara, ya fizge, ya tashi sama fuskarsa duk ƙarzuwa, ya ɓuya ya ƙi fitowa. Duniya ta yi duhu. 'Yan mata suka daina gaɗa a dandali, fatake suka riƙa ɓata hanya. Kande kuwa tana nan gindin tsohuwa tana goge fuskar jarirai, suna farkawa suna tsala ihu, tana sakewa, har ranar da ta goge wani bai ko motsa ba. Tsohuwa ta zare munduwar ta zura mata. Kande ta hau dutse ta ɗaga hannu, ta yi ta jira har hannun ya sage. Can watan ya leƙo, ya ga tagullar, ya sauko a tsorace. Ta wanke shi da tataccen ruwa da auduga, haskensa ya dawo. Amma inda yashin ya ci da zurfi bai goge ba. Shi ne tabon da muke gani har yau.

"Iyakarta ke nan," in ji Iya. "Ita dai ƙarya ce, masarar ce gaskiya, ku cinye."

Ni kuwa ba na barin ta ta wuce haka. Ina son Tanko, don shi ne mai ƙarfi, kuma a ganina an zalunce shi. Sai in ce, "Iya, ai ya iya wanki!"

"Ya iya mana, Maigida. Wankin riga. Wa ya ce maka wata riga ne?"

"To ita Kande, in ta iya, me ya sa sai da munduwa? Ta hau kawai mana."

"Shi daga sama yake dubowa. Ina zai ga abin da ke cikin kan mutum? Hannu kawai yake hangowa. Ya san tsohuwa, ya san ba za ta ba da munduwarta ga wanda bai isa ba."

Ƙarshen Tanko kuma ya danganta da yadda Iya ta wuni. Ranar da kuza ta yi gardama ta dawo a gajiye, cewa take kunya ta kore shi daga garin, ba a sake jin labarinsa ba. Ranar da ranta yake fari, sai ta ce ya dawo da furfura a gemu, ya tsuguna gaban Kande, ya ce ta fara masa daga tace ruwa. Ni da Yaya Lami mun sha yin musu a kan wanne ne na gaskiya har barci ya kwashe mu.

Iya ta rasu ina saurayi. Yaya Lami ta yi aure a Tudun Wada, aka sayar da gidan, ni kuma wani abokin mahaifina ya kawo ni Kwanar Dangora ya haɗa ni da masu wankin mota a bakin titi. Babu wanda ya koya mini. An ba ni bokiti da omo da tsohuwar singileti, aka nuna mini tirela. A nan na girma, a nan na auri Rabi, a nan muka haifi yaranmu. Direbobin bas da na manyan motoci sun san ni, sun san ko waya suka manta a kujera za su dawo su tarar da abarsu. Ina da ƙarfi, ina da sauri, kuma ina alfahari da hakan.

Akwai wani dattijo mai sayar da hatsi daga Kiru, Alhaji Mudi, wanda ya daɗe yana kawo mini motarsa duk ranar da zai shiga Kano. Wata rana na hango shi cikin sabuwar mota baƙa wuluk, tana ɗaukar ido. Na miƙe na ɗauki bokiti. Ya tsaya, ya sauke gilashi, muka gaisa sosai, ya tambayi iyali. Sai ya ce, "Sale, kada ka ji komai a ranka. Amana kam kana da ita, ni shaida ne. Amma yarona da ya sayo mini wannan ya ce fentinta ba irin na da ba ne, kada in bari a sa mata omo. Akwai waɗanda suka yi karatun abin a Kano, can zan riƙa kai ta."

Na ce, "Ba komai, Alhaji. Allah ya sa alheri, ya tsare hanya."

Ya ja motarsa. Na daɗe a tsaye da bokitin a hannu. Ba shi kaɗai ba ne; na riga na lura ƙananan motoci masu kyau sun daina tsayawa wajenmu, sai bas da motocin kaya, su ma yara sabbin tashi suna rububinsu. Amma babu wanda ya taɓa faɗa mini dalili a fuskata sai shi, kuma da ladabi ya faɗa, abin da ya sa ya fi zafi ke nan.

Da na ce zan tafi Kano koyo, abokan aikina dariya suka yi har da riƙe ciki. Wani ya ce in na dawo za su riƙa kirana farfesan kumfa. Rabi ma da fari cewa ta yi, "Maigida, wankin motar ma sai da makaranta? Kai da ka yi rabin rayuwarka a ciki?" Da ta ga na kwana biyu ba na cin abincin kirki, sai ta ce in tafi, za ta riƙe gida da tuyar ƙosai har in dawo. Ba ƙaramin abu ta ɗauka ba, don a lokacin tana da goyo.

Cibiyar koyar da sana'a ce a cikin birni. Malaminmu wani matashi ne, Malam Nura, wanda kaɗan ya rage in haife shi. Ranar farko ya tambayi wanda ya taɓa aikin, na ɗaga hannu da ƙarfina. Ya kai ni gaban wata baƙar ƙofar mota da aka jingine, ya ce, "Baba Sale, wanke mana ita yadda ka saba." Na wanke ta tas, na goge, tana sheƙi. Sai ya sa aka rufe tagogi, ya kunna tocila ya haska ta a karkace. Na matsa kusa na duba. Fentin duk zane ne sirara, zagaye-zagaye, kamar saƙar gizo-gizo, daidai yadda hannuna ya bi.

Bai yi mini dariya ba. Ya ce, "Ba hannunka ba ne, Baba. Yashin da ke cikin tsummanka ne. A rana ba a ganinsa."

A wannan ɗakin mai duhu, gaban yaran da na girme su nesa ba kusa ba, muryar Iya ta dawo mini kamar tana zaune a gefena. Na yi shekaru ban tuna Tanko ba. Ran nan na gane shi sarai, har na ji nauyin igiyar a hannuna. Na kuma zaɓar masa ƙarshen da Iya take bayarwa ranar da ranta yake fari.

Na zauna na koya kamar ban taɓa riƙe bokiti ba. A fesa ruwa ƙasa ta sauka kafin hannu ya taɓa jikin mota. Bokitin sabulu daban, na ɗauraye tawul daban. Tawul ɗin taya ba ya hawa jiki. Ba a wanki a tsakar rana, don ruwan yana bushewa ya bar tabo. Na koyi cewa fenti yana da wata fata siririya a sama wadda ita ce ƙyallinsa, injin gogewa kuma cin ta yake yi kaɗan-kaɗan, in ta ƙare ba ta dawowa. Na koyi maganin da ke cire maiƙo daga kafet amma yake busar da kujerar fata har ta tsage, da wanda in ka shaƙa ba ka rufe hanci ba zai kwantar da kai. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne sassauta hannu. Malam Nura yakan zo ya dafa kafaɗata ya ce, "Rage ƙarfi, Baba. Ba tirela ba ce." Da dare a ɗakin da muke kwana, in tuna goyon Rabi da hayaƙin kaskon ƙosai, in ji kamar in haɗa kayana. Ban haɗa ba.

Da watannin suka cika, wasu mutane da ba su san mu ba suka zo daga waje suka yi mana jarrabawa. Aka ba ni mota mai datti ciki da waje, wani mutum yana biye da ni har na gama. Shi ma tocila ya ɗauko. Ranar da aka miƙa mini takardar shaida da sunana a jiki, na fita waje na zauna a gindin wata bishiya. Mutum ɗaya nake so in nuna wa, ita kuwa ko tana raye ba ta karatun boko. Da ta juya ta a hannu ne kawai, ta ce, "Wannan ce taka, Maigida?"

Na dawo Kwanar Dangora na kafa rumfa ta wajen hanyar Bebeji, na sa wa takardar gilashi na rataye. Alhaji Mudi bai dawo ba; ashe ya koma Kano wajen 'ya'yansa. Wata baƙuwa ce ta fara gwada ni, likita, ta taso daga wajen Doguwa, ɗanta ya yi amai a kan farar kujerar fata. Ta tsaya tana dube-dube, ba ta yarda da kowa ba. Idonta ya kai kan takardar, ta matsa ta karanta har ƙasa.

Ta ce, "Malam, da me za ka goge kujerar?"

Na faɗa mata, na kuma faɗa mata abin da ba zan sa ba da dalili. Ta kalle ni, ta sake kallon bango, ta miƙo mini makulli, ta ja ɗanta suka tafi neman abinci. Matar da ba ta san sunan mahaifina ba, ba ta san daga wane gari na fito ba.

Na sha tunanin wannan. Takarda ba ta wanke mota, hannu ne yake wankewa, kuma na ga masu takardar da suka saki abin da aka koya musu tun kafin tawadar ta bushe. Amma direbobin da suka yarda da ni a da, shekaru suka ɗauka suna kallona kafin su yarda. Baƙon da ya tsaya a bakin titi ba shi da waɗannan shekarun. Abin da zai iya gani kawai shi ne wani wanda ya san aikin ya tsaya a kaina, ya duba, ya ce na isa. Ina yaro na ɗauka tatsuniyar a kan girman kai take. Yanzu ina ganin a kan tausayi take: tausayin abin da aka damƙa maka, wanda in ka ɓata shi da kyakkyawar niyya ma, ɓatawar ba ta gogewa.

Bara da kaka na shiga mota na ratsa dajin Falgore na tafi Riruwai, karo na farko tun bayan rasuwar Iya. Gidan ya zama na bulo, madafin babu shi. Na gangara bakin rafi, na tarar har yanzu mata suna wankin kuza. A gefe wata tsohuwa tana zaune kan dutse tana kallonsu, ba ta iya aikin kuma. Baba Asabe ce, maƙwabciyarmu. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta gane ni ba sai da na ce jikan Dije ne.

"Allahu akbar! Maigidan Dije? Kai ne har da furfura?"

Muka yi ta hira, ta lissafa mini waɗanda suka rasu da waɗanda suka tashi. Can na tambaye ta ko ta tuna tatsuniyar mai wankin wata, don akwai wuraren da suka fara kuɓuce mini.

Ta girgiza kai. "Ban taɓa jin ta ba, ɗan nan. Ai Dije ba ta ɗaukar ta kowa. A nan bakin ruwa take kitsa abarta, tana juya ƙwarya bakinta yana motsi, mu ce ta fara. Ku kaɗai take kai wa."

Duk tsawon shekarun nan na ɗauka tatsuniyar tana yawo a gidaje, kowace kaka tana ba jikokinta. Ashe a duniya ba ta da wurin zama sai kaina da kan Yaya Lami, sai ko wani daga cikin yaran maƙwabta da na baƙin nan, in yana raye, in bai manta ba.

Baba Asabe ta taɓa gwiwata da sandarta. "To ba ni ita mana. In ji abin da ƙawata take ta ƙunƙuni a kai."

Na gyara zama zan fara, ta ɗaga hannu. "A'a, kai ma ka sani, ba a yi da rana. Ka bari a yi isha'i. Jikokina ma sai su ji."

Daga can tasha ina jiyo yaron mota yana kiran Tudun Wada, motar ƙarshe ke nan ta ranar. Na ciro waya na kira Rabi na ce kada ta ajiye mini tuwo, sai gobe in Allah ya kai mu. Sannan na kama hannun tsohuwar na tayar da ita, muka kama hanyar gida a hankali.